Gyaran Gida Kafin Ruwan Fari

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, baƙin Kirsimati sun koma garuruwansu. Daga yanzu har zuwa Afrilu ko Mayu maigida yana da abu biyu da ba zai samu ba da damina, watau lokaci da busasshiyar ƙasa. Ga kara jibge a gona, ga gamba ta bushe a daji, ga samari zaune ba noma. In akwai lokacin da ya dace a duba darni da tsakar gida da rumfa, to, wannan ne.

Muna faɗin haka ne domin kowace shekara labarin ɗaya ne. Hadarin fari yakan taso daga gabas da iska a gabansa. Gari ya waye, a iske darni kwance, awakin maƙwabta sun shiga garka sun cinye zogalen uwargida, kwanon rumfa kuwa yana can rataye a bishiyar wani. Wannan duk hasarar dukiya ce. Wadda ta fi ta zafi ita ce ta watan Agusta, sa'ad da marka ta jiƙa gindin katanga kwana da kwanaki, har ta faɗi da dare a kan ɗakin da yara ke barci. Galibin waɗannan abubuwa sukan ba da alama tun da rani, duba su ne ba a yi.

Iyaka tukuna

Kafin ka haƙa rami ko ɗaya, kira maƙwabcinka. In mai unguwa ko wani dattijo yana kusa, shi ma a kira shi. Ku tsaya tare a kan iyaka, ku ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, kowa ya ce ya yarda, sa'an nan a ɗauki diga.

Dalili kuwa shi ne, darni yana tafiya. Mutum ya zo sabunta shi, ya ga tsohon rami cike da ruɓaɓɓen ice, sai ya haƙa sabo a gefe, kuma kullum gefen waje ne hannu ke kaiwa. Tafin hannu ɗaya ne bana, ba wanda zai ce uffan. Bayan shekara goma ya zama taki biyu. Ranar da maƙwabci ya tashi gini ya auna filinsa, ranar ake ɓatawa, har yaran gidajen biyu su daina gaisawa a kan abin da iyayensu ba su yi da nufi ba. Maganinsa mai sauƙi ne: a mayar da dirka cikin tsohon raminta, a kuma dasa ice mai rai ko a binne babban dutse a kowace kusurwa.

Mazauna birni su nemi duwatsun da ma'auna fili suka kafa, kada su taɓa su, su kuma tambayi ofishin tsara gari kafin su ɗaga katangar da ke fuskantar titi. Kada a ci lungu. Wanda ya matse hanya yau, shi ne gobe zai rasa ta inda mota za ta shigo ta ɗauki mai naƙuda. Tun kuna tsaye a kan iyakar nan kuma, ku daidaita ta inda ruwan gidanka zai fita, gama rariyar da ke zuba a gindin bangon wani ƙara ce ke jiran ranarta.

Darni da zana

Ƙarfin darni yana cikin ƙasa, inda ido ba ya gani. Ramin dirka ya kai zurfin ƙafa 2, a wuri mai rairayi ma ya wuce haka. Tsakanin dirka da dirka kada ya fi taki biyu. Sa'ad da ake mayar da ƙasa, kada a zuba ta gaba ɗaya a take da ƙafa. A zuba kaɗan, a daddanna da taɓarya ko gindin sanda, a ƙara, a sake dannawa, har ramin ya cika. Mafi kauri cikin itatuwan a ajiye su domin kusurwoyi da bakin ƙofa, a kuma tokare su daga ciki. Gefen gabas, inda iskar hadari ke bugowa, a ƙara masa dirkoki, musamman in zana ce za a ɗaura. Zana mai kyakkyawar saƙa ba ta barin iska ta ratsa ta, saboda haka duk nauyin iskar a kan dirka yake sauka.

Karan dawa ya fi na gero ƙarfi da daɗewa. A jera shi da kauri, a yi masa tanka layi uku, ciki da waje, a ɗaure da igiyar rama ko kaba ko ɓawon kalgo. A jiƙa igiyar kafin ɗauri, domin ta yi laushi ta kama da kyau. Masu ɗaure tanka da tsumma ko yagaggiyar leda suna yaudarar kansu ne, rana za ta cinye ledar kafin ruwa ya sauka. Zana kuwa, wadda ake saƙawa da gamba, kada a bar gindinta ya zauna a ƙasa. A ɗaga ta kamar yatsa huɗu, a jera duwatsu a ƙarƙashi domin kaji.

Babbar abokiyar gābar duk wannan aiki ita ce gara. Dabarar kakanninmu har yanzu tana aiki: a ɓare ɓawon dirka, a bar ta ta bushe, a babbaka gindinta a wuta har ya yi baƙi, daga ƙasa zuwa tafin hannu ɗaya sama da inda ƙasa za ta tsaya. Wanda yake da hali ya shafa Solignum ko wani maganin katako irinsa. Mutane da yawa suna shafa baƙin mai na mota. Yana taimakawa, amma guba ne ga ƙasa da ruwa, kada a kai shi kusa da rijiya ko inda ake shuka abin miya. Dattawa za su tuna da Gammalin 20 da ake zubawa a ramin dirka dā. A shekarar 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin gubar da aka amince a daina yi, domin yana daɗewa cikin ƙasa da jikin mutum. In wani ya kawo maka tsohon galan a kasuwa da araha, ka wuce abinka.

Sai wuta. Da hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa. Murhu ya yi nisa da darni, kada a zubar da toka mai zafi a gindinsa, a kuma nome busasshiyar ciyawar da ke bayansa taki uku ko huɗu.

Ina za a sami dirka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya yanzu. Dā mutum yakan ɗauki gatari ya dawo da kirya ko marke kafin rana ta take. Kirya tana shekaru a ƙasa gara ba ta yi mata kome ba, amma maƙera da masu gawayi sun rigaye mu zuwa gare ta. Azara, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta so, ta yi tsada ainun. Abin da ya fi samuwa shi ne dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko maina. Baƙo ne daga Indiya, an fara dasa shi a Borno a shekarar 1928, yau kuwa da wuya ka sami garin da babu shi. In an sassabe rassansa yakan sake tohowa da sanduna miƙaƙƙu, masu kyau domin darni da rumfa.

Akwai kuma darasi daga ƙasar Maraɗi. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya zo Nijar a 1981 yana aikin gona tare da mishan ta SIM. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara wajen sassabe ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen manyan itatuwa waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya shiga roƙon manoma su zaɓi kututture, su bar masa rassa mafi ƙarfi kamar uku zuwa biyar, su datse sauran, su riƙa gyara su kowace shekara. Da fari an yi masa dariya, gama gona mai tsabta ita ce alamar manomin kirki. Bayan yunwar 1984 abin ya fara bazuwa, aka sa masa suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kamar miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar, a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Abin da ya shafe mu a nan ƙarami ne, amma na aljihu ne. Kututturen sabara ko kalgo ko geza da ke gonarka, in ka yi masa haka, cikin 'yan shekaru zai ba ka sandar tanka da itacen girki, har da dirka, ba ka sayi kome ba. Ka sari reshe ɗaya bana, ka bar sabon toho ya maye gurbinsa.

Shinge mai rai

Mu dai da za a bi shawararmu, kowane gida da ke da fili zai dasa shinge mai rai a jikin darninsa, domin ranar da kara ya ruɓe a iske wani ya riga ya tsaya a madadinsa. Darnin kara da ƙyar yake wuce damina biyu. Shinge mai rai kuwa ƙara ƙarfi yake yi kowace shekara, gara ba ta damunsa, ba ya kuma matsawa daga iyaka.

A arewa inda ruwa ya yi ƙaranci, aguwa ce sarauniya. Ana yanka rassanta a ƙarshen rani, a bar bakin yankan ya sha iska kwana biyu ko uku, a kafa su kusa da juna kafin ruwa ya sauka. In an jira sai ƙasa ta jiƙe sharaf, ruɓewa suke yi. Dashi ma haka ake kafa shi, ga shi da ƙaya. Bini da zugu yana kamawa da sauri, dabbobi kuma ba sa cinsa, amma iyaye su yi hankali: 'ya'yansa suna da ɗanɗano kamar na gyaɗa, kuma guba ne. Yaron da ya ci zai yi ta amai da gudawa, a kai shi asibiti nan da nan. Gidan da ke da ƙananan yara ya riƙa tsinke 'ya'yan tun suna ɗanye.

Wanda ya taɓa zaga ƙauyukan da ke kewaye da Jos ya ga shingen kerana, dogo, mai ƙaya, wanda ko saniya ba ta gwada shi. A zamanin dā shi ne ganuwar ƙauyuka da yawa a kan dutse. Yana da kyau ga gona. A cikin gida kuwa ba mu ba da shawararsa ba, saboda farin ruwansa yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa. In hakan ya faru, a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta da yawa, a tafi asibiti, kada a tsaya ɗiga wani abu.

Ta cikin gida, inda awaki ba sa kaiwa, uwargida ta sa layin zogale da lalle. Zogale yana kamawa daga iri ko daga reshe, in ana datse kansa daidai kafaɗa sai ya yi rassa, ganyen kuma ya zauna inda hannu ke kaiwa. Shinge ke nan da ake miya da shi. Manyan itatuwa irin su dogon yaro da mangwaro a nisanta su da bango, gama saiwarsu tana ɗaga harsashin gini.

Katanga

Katangar ƙasa ba ta mutuwa daga sama, daga gindi take mutuwa. Ruwan da ke zuba daga indararo yana fantsama, da wanda ke kwanciya a gindinta, su ne ke cin ta a hankali har ta zama kamar an sassaƙe ta da gatari. Ka zaga katangarka yau. Duk inda ka ga gindi ya rame, a cike shi da ƙasar gini da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana, a yi masa ɗan dakali mai gangara domin ruwa ya gudu. A toshe tsaga tun tana ƙarama, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. A sabunta yaɓe, a gyara kan katangar ya yi tulluwa. Magina na dā suna gama yaɓe da makuba, masu hali kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara.

Mutane da yawa yanzu suna shafa filastar siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa, suna cewa sun huta. Ƙasa da siminti ba sa riƙe juna. Filastar takan rabu ta bar kogo, ruwa ya shiga ta sama ya kasa fita, gara ta yi gida a ciki, daga waje kuwa bango sumul. Ka ƙwanƙwasa da yatsa. In ka ji yana amsawa kamar ganga, a ɓamɓare wurin a gani.

Katangar bulo tana da nata ciwo. Doguwar katanga da ke tsaye ita kaɗai, ba ɗaki a jikinta, ba ta da abin dogara in iska ta zo. A haƙa harsashi har a iske ƙasa mai tauri, a zuba kankare, a kuma tsayar da ginshiƙi mai rodi a kowace ƙafa 10, da kowace kusurwa, da bakin ƙofa. Bulo mai inci 9 ya fi dacewa da layukan ƙasa. Kafin ka saya, ka karce shi da ƙusa. In yana zuba kamar gari, an cika masa yashi, ka nemi wani mai bugawa ko da ya fi tsada. A bar rariya isasshiya a gefen da ruwa ke gangarawa, a sa mata raga saboda maciji da ɓera, a kuma riƙa share ta. Katangar da ta tare ruwa ta zama madatsa, ba kuwa domin haka aka gina ta ba.

Katangar da ta karkata, ko wadda tsagarta ta ratsa daga sama har ƙasa, ba a yi mata kwaskwarima. A rushe ta da rani da hannunka, a sake ta. In babu kuɗi bana, a rushe a ɗaura zana. Kunyar zana ta fi sauƙi.

Daɓe

Kafin a yi maganar daɓe ko siminti, a yi maganar gangara. Tsakar gida ta kasance ƙasa da daɓen ɗakuna da kamar inci 6, ta kuma gangara daga bakin ɗakuna zuwa rariya, inci ɗaya cikin kowace ƙafa 5. Ido ba ya iya auna wannan. In babu lebur na birkila, a sami doguwar tiyo fara wadda ake ganin cikinta, a cika ta da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunanta. Ruwan da ke bakin nan da na wancan kullum tsayinsu ɗaya ne. Da shi za a sa alama a jikin turaku, a ja igiya, a san inda za a cike da inda za a rage. Kududdufin da ya kwana goma a tsakar gida ya isa sauro ya yi ƙwai har ya tashi, zazzaɓin da zai kwantar da yaro kuwa ya fi kuɗin amalanken ƙasa biyu.

Daɓe aikin mata ne tun fil azal, kuma abin takaici ne yadda 'yan matan yanzu da yawa ba su taɓa riƙe madaɓi ba. Ana share wuri, a baje burji ko marmara da aka farfasa, a haɗa da jar ƙasa, kaurinsa kamar yatsa huɗu. A yayyafa ruwa a bar shi ya kwana. Tun da dare an jiƙa makuba, watau ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ruwan ya yi ja wur. Inda babu ɗorawa akan yi da 'ya'yan bagaruwa, irin waɗanda majema ke jima da su. Da safe mata su jeru, kowace da madaɓinta, mai ba da waƙa tana bayarwa ana amsawa, hannu yana sauka tare. Waƙar ba ado kaɗai ba ce, ita ke daidaita bugun, shi ya sa daɓen gayya ya fi na mutum ɗaya laushi. Ana bugu ana yayyafa makuba. Kashegari za a ga 'yan tsage-tsage, a sake yayyafawa a sake bugu, haka har kwana uku ko huɗu, sai ya yi baƙi-baƙi yana ƙyalli. Kada a bar rana ta busar da shi farat ɗaya, a rufe da tsofaffin tabarmi tsakanin bugu da bugu. Daɓen da ke fili yana son a sake masa makuba kowace shekara kafin ruwa. Ladansa kuwa, a shanya tsaba ko kuɓewa a kwashe ba tsakuwa, da dare a shimfiɗa tabarma a sha iska ba zafin da ke tasowa daga ƙasa.

Mai son siminti ya ji wannan. Buhu ɗaya mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Domin tsakar gida, a haɗa buhu ɗaya da kwano 6 na yashi da kwano 12 na tsakuwa. Inda mota za ta hau, a rage zuwa 4 da 8. A gwada yashin tukuna: a zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Laka za ta kwanta a bisa yashin. In kaurinta ya kai kashi ɗaya cikin goma, a wanke yashin ko a sake wani. A daddaɓe ƙasar da ke ƙarƙashi sosai, a zuba kankare mai kaurin inci 3 zuwa 4, a raba shi gida-gida da siririn katako a kowace ƙafa 8 ko 10, domin in zai tsage ya tsage a kan layi. Kada a bar lebura ya cika ruwa wai don kwaɓin ya yi sauƙi, yawan ruwa yana kashe ƙarfin siminti.

Ga inda aka fi yin hasara: bayan an gama. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Da hunturu iska takan tsotse shi cikin sa'o'i kaɗan. A rufe shi da buhuna ko yashi, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Wannan aikin yara ne, a ba su shi, a kuma duba sun yi.

Kada kuma a malale dukan gida da siminti domin a ce an waye. Cikin watan Afrilu irin wannan tsakar gida takan zama tanda, da damina kuma duk ruwan da ƙasa za ta sha sai ya kwarara lungu. A yi wa bakin ɗakuna da wurin wanki da wurin shanya, a bar wa bishiya filinta. Ruwan wanka da wanke-wanke a haƙa masa rami a cika da duwatsu, a dasa ayaba ko gwanda a gefe.

Rumfa

Rumfa ita ce ɗakin da ya fi kowane ɗaki aiki. A ƙarƙashinta ake daka, ake tsefe kai, ake karɓar baƙi, a bisanta ake ajiye harawa. Ta sha iska a juya mata baya ga gabas in wuri ya yarda, a rataya asabari ta yamma saboda ranar la'asar. Dirkokinta su fi na darni kauri da zurfi. Ɗaga jinka ko jera azara kuwa a kira mutane, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In rufin kwano ne, ka tuna iska ba danna shi take yi ba, ɗaga shi take yi daga ƙasa. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba. A ɗaure kowane katakon rufi da dirka ko bango da langa-langa ko waya mai kauri. A buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba, a kuma ƙara yawanta a gefuna, gama daga nan iska ke fara ɓamɓara. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake ɗorawa a kan kwano su ne ke faɗowa a kan mutane. Zana ɗaya a ƙarƙashin kwanon tana rage zafi ƙwarai. Tsohon rufin asbesto kuma, wanda har yanzu ake samu a tsofaffin gidaje, kada a yanka shi da zarto ko a farfasa shi, ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu bayan shekaru.

Rufin kwano rijiya ce a sama. Rumfa mai mita 3 da mita 4, in aka yi ruwa mai milimita 25, za ta tara lita 300, watau duro ɗaya da rabi. A sa mata indararo, a bar ruwan fari ya wanke ƙura ya zube, sa'an nan a tara. Duron ya kasance da murfi mai nauyi, saboda sauro, saboda kuma yaro mai leƙe.

Rumfar ajiya a yi mata dandamali. Buhun hatsi kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi a kan katako bisa duwatsu, inda tsintsiya za ta shiga, inda kuma za a ga hanyar gara da zarar ta fara hawa. Maganin feshi da fetur da takin zamani ba sa kwana wuri ɗaya da abinci. A yi musu akwati mai kwaɗo a sama, a bar su cikin mazubinsu na asali, kada a juye su a kwalbar lemo. Janareta kuma wurinsa rumfa ce buɗaɗɗiya, nesa da tagar ɗakin kwana. A cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, ta sha hallaka iyali guda cikin barci domin an shigar da shi zaure saboda ɓarayi ko ruwa. A yi masa keji na ƙarfe da kwaɗo a waje.

Rumfar awaki da akurkin kaji su kasance ta gangaren rijiya, ba ta samanta ba, masai kuwa ya nisanci rijiya da mita 30 in fili ya ba da hali. A ɗaga daɓen rumfar dabbobi ya fi na waje tsayi, gama tumaki da awaki ba sa jure tsayuwa cikin laka, kofatonsu yakan ruɓe. A riƙa kwashe takin ana kai wa garka.

Ranar da aka yi ruwan fari mai ƙarfi, kada maigida ya zauna a ɗaki. Ya yafa buhu ya fita tun ana yi, ya bi ruwan da ido: ina ya taru, wace rariya ce ta toshe, wane indararo ne ke zuba a gindin bango, ina kwano ke yoyo. Ya kafa ɗan tsinke a kowane wurin da ruwa ya kwanta, domin da safe ƙasa za ta shanye, ba zai gane wurin ba. In gari ya waye a cike wuraren nan da burji, a girgiza kowace dirka a sake danna wadda ta yi lako-lako tun ƙasa tana da laushi, a ƙara ɗaure tankar da ta saki.